Rufin da Aka Ɗaure Gefe Ɗaya

A layinmu akwai wani kafinta, dattijo ne a ikilisiyarmu, kuma duk garin babu wanda ya kai shi iya aiki. Babu kuma wanda ya kai shi riƙo. Idan ka ɓata masa rai ranar Litinin, to ka sa a ranka sai wata Litinin ta zagayo kafin ya amsa gaisuwarka da baki, kafin nan sai dai ya ɗaga maka gira. Amma babban aibinsa ba wannan ba ne. Shi a ganinsa, tunda yana bin Allah sak babu karkace, dole ne Allah ma Ya tafiyar masa da rayuwa yadda ya zana ta da fensir. Muddin komai na tafiya daidai da zanensa, babu mai biyayya irinsa. Ba mu san biyayyar tana da sharaɗi ba sai da aka taɓa shi inda ke masa ciwo.

Shagona na facin taya yana manne da nasa, bango ɗaya ya raba mu, shekara goma sha tara. Ina kiransa Yaya, shi kuma yana kirana Shaƙiyyi, kuma ban taɓa kai ƙararsa a kan sunan ba. Nakan ɓoye masa fensir, ko in shafa gris a ƙotar guduma, ya yi ta zagina har ya gaji ya yi dariya. A wajen aiki kuwa ba ya wasa. Na sha ganin ya kife tebur yana goge ƙasansa da sanfefa, mai teburin na tsaye yana cewa ai ba wanda zai leƙa wurin. Sai Yaya ya ce masa in shi ba zai leƙa ba akwai mai gani. Ɗanyen katako ba ya shiga shagonsa. Wanda ya ce a rufe tsaga da fenti kuwa, hanya yake nuna masa.

'Yarsa ɗaya ce tak, sai da suka shekara goma sha ɗaya da aure kafin Allah Ya ba su ita. Muna kiranta Kanari saboda muryarta, ita ce ke ja wa mawaƙan coci baki. Ta auri wani malamin makaranta, siriri, mai sanyin magana, kowa Ticha yake ce masa. Yaya bai ƙi shi ba, sai dai yakan ce bai gane wa namijin da zai buga ƙusa ɗaya ya ji wa yatsa biyu ciwo ba.

Naƙuda ta zo wa Kanari kafin lokacin da aka ɗiba. Ran nan Ticha yana tsaron ɗalibai a ɗakin jarrabawa, kuma dokar wurin ita ce kowa ya kashe waya. Maƙwabta suka yi ta kira ba ta shiga. Kafin a sami mota, kafin a isa asibiti, jini ya zuba da yawa. An ciro jaririya mace da ranta, uwar kuwa ta kwana uku ba ta san wanda ke kanta ba. Kwana ukun nan Yaya ko ruwa bai sa a bakinsa ba. Yana durƙushe a barandar asibiti, mutane na tsallake ƙafafunsa, yana roƙon Ubangiji Ya bar masa 'yarsa. A rana ta uku da hantsi ta cika.

Akwai wani katako mai kyau da ya jingine a bayan shago shekara biyu yana bushewa, da niyyar ya yi wa jikansa gado. Shi ya ɗauko ya yi wa 'yarsa akwati. Ya kulle ƙofa, bai yarda kowa ya kama masa ba. Ina zaune a shagona ina jin gudumar nan, kowane bugu kamar a ƙirjina. A maƙabarta Ticha ya matso yana kuka, ya ce, "Baba." Yaya ya dube shi daga sama har ƙasa a gaban jama'a, ya ce, "Kada ka sake kirana da wannan sunan. Je ka kunna wayarka." Daga ranar bai sake taka gidan Ticha ba, jaririyar ma ko ɗaukarta bai yi ba.

To, tun kafin rasuwar nan ikilisiya ta gina sabon ɗakin sujada, bango ya kai sama, rufi kawai ya rage, kuma Yaya ya riga ya tashi a gaban jama'a ya ce rufin nasa ne, da hannunsa zai yi. Bayan sati uku Fasto ya zo shago ya ce masa ya huta, a nemo wani, babu wanda zai ga laifinsa. Yaya ya ce shi ba ya magana biyu. Fasto ya ce ba aikin yake ji ba, zuciyar dattijon yake ji, ya bari su yi addu'a tare. Yaya ya ce ya yi ta kwana uku, ta ishe shi. Fasto ya yi tasa shi kaɗai a tsaye cikin ɓawon katako, ya tafi.

Bari in ɗan yi wa wanda bai san aikin rufi ba bayani, domin nan maganar take. Kwano da katako ba su da nauyin da za su zauna a kan bango don kansu idan iska ta taso. Shi ya sa ake huda bango a ƙarƙashin bulon sama, a zura langa-langa, wato siririn ƙarfen nan mai lanƙwasuwa, a naɗe katakon da ke kwance a kan bangon da ita, a buga ƙusa. Ana yin haka a kowane taku biyu, har a zagaye ginin. Da an sa silin, babu mai sake ganinta, amma ita ce ke riƙe da rufin gaba ɗaya. Mazan ikilisiya sukan zo ranar Asabar su miƙa katako da kwano. Ɗaurin kuwa Yaya ya ce shi kaɗai zai yi a ranakun mako, ba ya son hannu da yawa. Babu wanda ya yi mamaki, halinsa ne.

Ana cikin haka wata rana uwargidansa, wadda muke kira Mama, ta kawo masa abinci shago, goye da jaririyar. Tun bayan jana'iza ita ce ke zuwa gidan Ticha kowace safiya, ta ɗauki yarinyar, ta wanke ta, ta yini da ita, in ya taso daga makaranta ya karɓa. Bangon da ke tsakaninmu ba shi da kauri, ni kuma kunnena ba ya hutu. Na ji Yaya yana cewa ta fitar masa da yarinyar nan daga shago, kuma ya gaji da ganin tana sintiri gidan mutumin da ya kashe musu 'ya. Ya ce ita ko zuciya ba ta da ita, ta share hawaye ta koma waƙa a zumuntar mata kamar akuya ce ta mutu.

Ban taɓa jin Mama ta ɗaga murya ba sai ran nan.

"Ni ce ba ni da zuciya? Maigida, ni na ɗauki cikinta wata tara, ni na rufe mata ido. Kana tsammani kai kaɗai ke fushi? Kullum garin Allah ya waye sai na yi faɗa da Ubangiji, in faɗa Masa duk abin da ke raina, ban rage komai ba. In na gama sai in ce, to, ga ni, me zan yi yau? Amsar kuwa ba ta canzawa: je ki wanke yarinyar nan, ki gaida ubanta. Ba don yana mini daɗi nake yi ba."

Yaya ya ce shi ma ai yana yi, ga shi kullum a kan rufin coci cikin rana. Ta ce jikinsa ne a kan rufin, ta san mijinta, shi kansa bai hau ba. Ta ajiye kwanon abincin ta fita. Har yamma yana nan a rufe.

Ganin yadda ya rame ya sa na ce bari in gwada tsohon halina, ko zan samu ya zage ni kamar da. Na faki idonsa ya fita, na shiga shagon zan ɓoye masa tef ɗin awo a ƙarƙashin bencin aiki. Ina durƙusawa sai na ga langa-langa a naɗe, an tura ta can ciki an rufe da buhu. Ni na raka shi aka sayo ta, naɗi biyu, kuma da bakinsa ya ce da ƙyar za ta isa. Ga ɗaya sukutum ko warware ta ba a yi ba, alhali kwana biyu ke nan da ya ce an gama ɗauri, har masu silin sun fara aiki. Ina nan tsugune sai ga shi a kaina.

Na tambaye shi cikin wasa ko ƙarfen ne ya haihu. Bai yi dariya ba. Ya ce gefen da ke kallon titi ya ɗaure shi tam, da ɓangaren ƙofa. Na ce to na baya fa, wanda ke kallon fili, inda hadari ke tasowa? Sai ya ce, "Na riƙe Masa gaba. Ya riƙe baya."

Na ce, "Yaya, mutane ne fa za su zauna a ƙarƙashin rufin nan."

"Ai ɗakinsa ne. Ba an ce Shi mai iko duka ba ne? Shekara arba'in ina yi Masa aiki, ban taɓa rage ƙusa ɗaya ba. Abu ɗaya na roƙe Shi Ya riƙe mini, ɗaya tak, a durƙushe, ba ci ba sha. Ya riƙe? To ni ma na ba Shi rabi. In Yana son rufinsa Ya sa hannu."

Idonsa ya yi jajir. Ya ce in na kuskura na faɗa wa wani, zaman shekara goma sha tara ya ƙare. Na fita na ce wa kaina zafin rashi ne, zai huce ya hau ya gyara kafin damina. Na yi shiru. Wannan shirun nawa ne, ba na ɗora wa kowa, kuma har yau ina ɗauke da shi.

Aka gama silin, aka yi fenti, aka buɗe ɗakin sujada. Rufin ya yi kyau ƙwarai, kwanon a jere kamar an ja layi da zare. Fasto ya yaba wa dattijon da ya yi wa Ubangiji hidima cikin baƙin ciki, jama'a suka yi tafi, wasu mata har da hawaye. Yaya yana zaune a layin gaba inda dattawa ke zama, da farar riga, bai fasa zuwa sujada ko sau ɗaya ba. In an tashi waƙa bakinsa na motsi, amma ni da na zauna bayansa ranar buɗewa na san babu sautin da ke fita. Ni kuwa tun daga ranar na koma zama kusa da ƙofa, matata na tambaya, na ce mata zafi nake ji.

Wata biyu aka yi lafiya. Ranar wata Laraba da wajen ƙarfe huɗu, mata suna zumunta a ciki, hadarin farko ya haɗo daga bayan cocin, baƙi ƙirin. Ina cikin cire taya na ji iskar ta kwashe mini robar ruwa ta yi titi da ita. Na leƙa shagon Yaya. Yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da zarto, ya kafa wa sama ido. Ya yar da zarton ya zuba da gudu, na bi shi.

Ba mu kai ba. Muna shan kwana muka ga rufin ya ɗaga daga baya kamar an buɗe murfin akwati, ya tsaya a sama, gefen gaba yana riƙe da shi tam, sannan ya karye a tsakiya ya rufto ciki. Ƙarar da ya yi ba ta da misali, sai kuma ihun mata.

Mata ashirin da wani abu ne a ciki. Yawancinsu sun yi wajen ƙofa da suka ji silin na ƙara. Mama tana can ciki nesa da ƙofa da yarinyar a cinya, ta kasa tashi da sauri. Ashe Ticha ya taso daga makaranta ya zo ɗaukar 'yarsa, yana tsaye a baranda yana jiran a gama addu'a. Mutane na fita shi yana kutsawa. Ya isa wurinsu ya kifa a kansu daidai lokacin da babban katakon tsakiya ya sauko. Da muka ɗaga kwano muka same su, yarinyar na tsala kuka ko ƙwarzane babu, Mama kwano ya yanke ta a kafaɗa, Ticha kuwa katakon ya danne masa ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa. Mu shida muka ɗaga shi. Yaya yana cikinmu, ruwa na dukansa, ya san katakon sarai, shi ya fere shi.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma ƙafar ba ta gyaru ba. A rana ta huɗu suka yanke ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda gari ya ɗauki maganar. Kowa iska yake zagi. An ce ta tuge bishiyoyi, ta kwashe rumfunan kasuwa, ina ga rufi. Mutane suna zuwa shago suna yi wa Yaya jaje, suna cewa kada ya sa wa ransa damuwa, aikinsa babu mai kushe shi, in da wani ne ya yi rufin ma da bangon ya tafi. Dattawa suka zauna suka ce shi zai sake rufawa. An kwashe tarkace an tara a gefe, babu wanda ya tsaya duba ko akwai langa-langa a bangon baya. Da Yaya ya ga dama da maganar ta mutu a nan, don ni dai ya san tsoro ba zai bar ni in buɗe baki ba.

Mama ce ta matsa masa ya je asibiti, da hannunta a rataye. Ta ce mutumin nan ya ba da ƙafarsa saboda ita da jikarsu, in bai je ba ita ba ta san da wa take zaune ba. Ya ce in raka shi. Muka sami Ticha a kwance, zanin gado ya lotsa inda ƙafar ya kamata ta kasance. Da ya ga surukinsa sai ya yunƙura zai tashi zaune. Yaya ya tsaya a ƙarshen gadon kamar an dasa shi.

Ticha ya ce, "Ka yi haƙuri, na san ka hana ni kiranka Baba. Tun da na farfaɗo nake tunani. Ina ga hukuncina ne ya same ni. Da na bar wayar nan a kunne, da tana nan. Na karɓa, ban yi gardama da Allah ba. Sai dai ina roƙonka, yanzu ko za ka iya ɗaukar yarinyar nan sau ɗaya? Ita ba ta yi komai ba."

Na dubi Yaya. Fuskarsa ta yi fari fat kamar an watsa masa toka. Ya juya ya fita, har yana ture wata ma'aikaciya a ƙofa. Muka kama hanya har muka kusa layinmu. Ya ce, "Shaƙiyyi, ka ji? Laifina ya ɗauka ya aza a kansa, yana kuma gode wa Allah." Ya shiga shago ya kulle. Kwana uku ban ji motsin guduma ba. Abin da na ji ta bango, murya ce ta mutum yana faɗa da wani, wani lokaci da ƙarfi, wani lokaci da kuka. Ban saurara ba. Wannan karon na toshe kunnena.

Ranar Lahadi muka yi sujada a cikin bangon da ba rufi, rana na dukanmu. Bayan wa'azi sakatare ya tashi ya sanar cewa dattijo kafinta ya amince zai sake rufin. Aka fara tafi. Yaya ya miƙe ya ɗaga hannu, ya fito gaba. Ya ce kada a tafa masa. Ya ce ba iska ce ta kayar da rufin ba, shi ne. Ya faɗi komai tiryan-tiryan, yadda ya ɗaure gaba ya bar baya, da saninsa, da sanin inda hadari ke tasowa, domin yana fushi da Allah kuma ba shi da ƙarfin halin da zai ce ba zai yi aikin ba. Ya ce ya so a ci gaba da kiransa mai biyayya alhali ya daina. Bai ambaci sunana ba. Ni na tashi da kaina, na ce na sani kuma na yi shiru.

Kada wani ya zaci rungume mu aka yi. Wuri ya kaure. Wata mata da ta tsira da 'ya'yanta biyu ran nan ta taso har gabansa, ta nuna shi da yatsa, ta ce in fushi yake da Allah me ya hana shi hawa sama su daidaita, sai ya ɗana wa 'ya'yan mutane tarko? Wan Ticha kuwa sai da maza uku suka riƙe shi. Matata ta ce ashe zafin da nake ji ke nan a bakin ƙofa, na san inda zan gudu na bar ta a tsakiya, ta fi wata ba ta yi mini magana mai daɗi ba, kuma da gaskiyarta. Mama tana zaune inda take. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan yarinyar da ke cinyarta.

Aka sauke Yaya daga dattijo, aka mayar da shi bencin baya. Rufin wani aka ba. Masu kawo masa aiki suka janye, har waɗanda ba 'yan cocinmu ba, domin labari ya zaga cewa kafintan nan inda ido ke gani kawai yake ɗaurewa. Mutumin da ya shekara arba'in yana goge ƙasan tebur, da wannan aka san shi a ƙarshe. Dangin Ticha suka so a kai maganar gaban hukuma, Yaya ya ce a kai, ba zai musa ba. Ticha ne ya hana.

Amma hanawar ba ta nufin ya huce. Da aka gaya masa gaskiya, mutumin nan mai sanyin magana ya yi jifa da kofi har ya fashe a bango. Ya ce wata da watanni yana kwana yana tashi da cewa shi ya kashe matarsa, an bar shi da wannan, sannan aka ɗauke masa ƙafa. Ya ce kada surukinsa ya zo inda yake. Yaya ya je duk da haka. Kowace yamma yakan tafi ƙofar gidan, ya yi sallama, a ce masa ba a son ganinsa, ya ce to, ya juyo. Na ce masa ya bari mana zuciya ta sauka. Ya ce ba shi ya aiki kansa ba, kuma wanda Ya aike shi bai ce ya daina ba. Sati bakwai yana wannan zarya.

Sandunan da asibiti suka ba Ticha sun yi masa gajarta, suna sa shi tafiya a duƙe, hammatarsa duk ta yi ciwo. Mama ce ta faɗa wa mijinta. Ran nan ya tafi da tef a aljihu, ni ina biye. Ya yi sallama, ya ce ba gafara ya zo nema yau ba, awo kawai zai ɗauka, in an yarda. Can Ticha ya ce a shigo.

Ticha yana tsaye a cikin ɗaki dafe da bango. Yaya ya durƙusa a gabansa, ya sa bakin tef a ƙasa inda babu ƙafa, ya ja zuwa hammata. Sau uku yana sake awon. Ticha yana kallon saman kansa.

"Ban huce ba," in ji Ticha. "Kada ka zaci na huce. Duk sanda na tashi zan taka in tuna babu, sai in ji kamar in shaƙe ka. Amma Ubangiji Ya ce in yafe, kuma na ga abin da rabin biyayya ta yi mini. Ba zan yi irinta ba. Na yafe maka, Baba, duka. Zuciyar ta biyo baya in ta ga dama."

Yaya ya kifa goshi a kan ɗayar ƙafar da ta rage, ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba.

Ya yi sandunan, kuma ban taɓa ganin aikin da ya kai su kyau ba. Amma katako ba ya zama ƙafa. Ticha ya koma koyarwa, yana tsaye a gaban allo a kan sanduna, kuma haka zai ƙare rayuwarsa. Shagon Yaya bai sake cika ba. Kowace Lahadi yana zaune a bencin baya, yana jin ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan siminti tun daga bakin ƙofa har gaba. Ba ya kawar da kai. Yakan tashi tsaye har surukinsa ya wuce.

Darasin da ke cikin wannan labari, 'yan'uwa, shi ne: rashi zai zo wa kowa, kuma fushi da kuka a gaban Allah ba su ne ke hallaka mutum ba. Mama ta yi fushi, Ticha ma ya yi, amma sun kai fushinsu gaban Ubangiji a fili, sannan suka yi abin da Ya ce, dukansa, tun zuciyarsu ba ta so. Abin da ke hallakarwa shi ne mutum ya ɓoye fushinsa, ya ba Allah gefen da mutane ke gani, ya hana Shi gefen da ba a gani. Irin wannan biyayya tawaye ne da aka shafa wa fenti, kuma idan ta rufto ba a kan mai ita kaɗai take faɗawa ba. In zuciyarka ta karye, faɗa wa Ubangiji gaskiya, ka nemi 'yan'uwa su kama maka, in ba za ka iya aikin ba ka ce ba za ka iya ba. In kuwa ka ce to, ka bi Almasihu da zuciya ɗaya. Kai kuma da ka ga ɗan'uwanka na gangarawa ka ja bakinka don gudun ɓacin rai, ka sani da hannunka a ciki. Allah Yana gafartawa sarai, amma ƙafar da aka yanke ba ta tsirowa.